Kafin Ka Sayi Madubin Duban Wata, Dubi Maleƙinsa

  Daga Wagadugu nake muku magana, kuma yau zancenmu na madubin hangen nesa ne, wanda ake duba wata da taurari da shi, musamman ɗan guntun nan da mutum ke kafa idonsa a kai.

Na san wani zai ce, to malam, me ya haɗa makiyayi da ɗan kasuwa da kayan masu ilimin taurari? Abin da ya haɗa su shi ne jinjirin wata. Kai da ka ɗoro raguna a kamyo daga Dori ko Puytenga za ka Abijan, ka fi kowa sanin abin da kwana ɗaya ke nufi. In an ga jinjirin Zulhajji daren yau, Layya ta matso da kwana guda. In ba a gani ba, ka ƙara kuɗin dusa da ruwa da haya na yini ɗaya. In kuwa ka yi kuskuren lissafi ka isa bayan an sauko daga idi, ragon da ka yi wata uku kana turkewa sai ka sayar da shi yadda mai saye ya ga dama. Haka azumi, haka ƙaramar Salla ga masu atamfa da shadda da takalma. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, ba ya wuce haka, kuma a tsakanin biyun nan ake samun riba ko asara.

A nan Wagadugu, zancen duban wata tsohon zance ne na mutanen Zango. Unguwar da Mosawa ke kira Zangwetin, sunanta daga kalmarmu ta zango ya fito, masaukin fatake. Tana tsakiyar gari, kusa da babbar kasuwa da filin jirgi, har shekarar 2003 da aka rushe ta tare da maƙwabtanta saboda aikin ZACA, aka mai da mutane gefen Waga 2000 da Niyoko. Gidajen sun tafi, amma har gobe in ka ce ɗan Zango an san wanda kake nufi, kuma har gobe in yammacin 29 ga wata ta yi, za ka ga dattawa sun fito suna kallon yamma. Sai dai yammar ta sauya. Inda da ake hango faɗuwar rana, yanzu benaye ne da fitilu da hayaƙin babura. Shi ya sa matasa suka fara tunanin sayen madubi, wasu masallatai ma su yi karo-karo su saya. Tunani ne mai kyau. Matsalar ita ce yawancin masu saye, da yawancin masu sayarwa, lamba ɗaya suke dubawa a jikin kwali, kuma ita ce lambar da ta fi ruɗi.

Ka taɓa ganin irin kwalin nan mai hoton taurari kala-kala, an rubuta 525x da manyan haruffa? Wato wai yana kusanto da abu sau 525. Mai shago zai nuna maka ita da yatsa ya ce, Alhaji, wannan har tururuwar da ke kan wata za ka gani. To bari in nuna maka inda lambar ta fito, don in ka gane wannan, ka gane rabin zancen yau.

Madubin hangen nesa kashi biyu ne. Akwai babban gilashi na gaba, ko madubin da ke can ƙasan bututun, wanda aikinsa tara haske, kamar yadda rufin kwano ke tara ruwan sama ya zuba a randa. Sannan akwai ɗan ƙaramin bututu mai gilasai a ciki, bai fi tsawon yatsa ba, wanda ake cusawa a kafa ido. Masu Faransanci suna ce masa okiler. Ni maleƙi nake ce masa, tunda ta nan ake leƙawa. Shi ake cirewa a sa wani, kuma shi ke yanke yawan girman da za ka gani. A jikin bututun madubin za ka ga an rubuta misali F=700mm da D=76mm. Ta farko nisan da haske ke yi kafin ya taru wuri guda, ta biyu faɗin babban madubin. A jikin kowane maleƙi kuma akwai tasa lamba: 20, ko 12.5, ko 4. Lissafin kasuwa ne kawai: ka raba 700 da lambar maleƙin. Da mai 20, girman sau 35 ne. Da mai 12.5, sau 56. Da mai 4, sau 175. Ka lura, ƙaramar lamba ita ke ba da babban girma. Sai kuma su saka maka wani dogon bututu a kwalin, Barlow, an rubuta 3x a jikinsa, mai ninka abin sau uku. 175 sau uku, 525. Ga lambar kwalinka.

Ba ƙarya suka yi a lissafin ba. Abin da ba su faɗa maka ba shi ne, kowane madubi yana da iyaka, kuma faɗin babban gilashin ke yanke ta. Masu wannan sana'a suna cewa ka ninka faɗin sau biyu, nan ne ƙarshen girma mai amfani. Mai milimita 76, iyakarsa wajen 150. Mai 60, wajen 120. Abin da ya wuce nan, kamar ka ɗauki furar mutum ɗaya ka yi ta ƙara ruwa don ta ishi mutum goma. Ƙwarya za ta cika, amma ba fura kake sha ba. Hoton zai yi girma, ya yi duhu, ya yi dishi-dishi, ba wani sabon abu da zai bayyana. Kuma 150 ɗin ma sai daren da iska ta kwanta. A ƙasarmu, ga zafin da ƙasa ke fitarwa bayan faɗuwar rana, ga ƙurar hunturu, sau da yawa ko 100 ba ka morewa.

Akwai abu na biyu da babban girma ke cinye maka, kuma ga mai neman jinjiri shi ne mafi muni: faɗin filin da kake gani. Wata, duk girman da ido ke ba shi, rabin digiri ne kacal a sama. In ka miƙa hannunka, ɗan ƙaramin yatsanka ya rufe shi har da saura. Maleƙi mai kyau na milimita 25 a wancan madubin zai ba ka girma sau 28, ya nuna maka filin da wata uku da rabi za su jeru a ciki. Na 32 zai nuna maka wurin wata huɗu da 'yan kai. Amma in ka sa na 4, ko rabin wata ba ya shiga. In ka ƙara Barlow kuwa, kana leƙen wani ɗan ɓangare ne da bai wuce wajen kashi ɗaya cikin takwas na faɗin watan ba. Kai makiyayi, ka yi tunanin ɗan maraƙi ya ɓace a fadama, aka ce ka neme shi ta kafar allura. Haka neman jinjiri yake da maleƙin 4.

Ga kuma duniya ba tsaye take ba. Sama tana tafiya digiri 15 a kowace awa, wato cikin minti biyu wata ya matsa da faɗin kansa. Da ƙaramin girma, abin da ka kama zai zauna maka a fili minti shida ko bakwai, ka kira liman ya leƙa, ka kira na kusa da shi. Da 525 kuwa, kafin daƙiƙa 20 ya fice. Ka taɓa ƙafar madubin kaɗan, ko iska ta kaɗa, komai ya yi ta rawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa irin waɗannan madubai ke ƙarewa a ƙarƙashin gado bayan kwana uku. Mai shi ya fara da mafi ƙarfi, bai ga komai ba sai duhu, ya ce an cuce shi. Sau da yawa madubin ba laifi, maleƙin ne bai dace ba.

Saboda haka in kana da irin wannan madubin, ka fara da maleƙin da lambarsa ta fi girma. Kullum. Ka kama abin da kake nema, ka kawo shi tsakiya, sannan in kana so ka sauya zuwa na 10. Na 4 da Barlow ɗin nan na roba ka bar su a kwali. Mutumin Italiya Galiliyo, da ya ga 'yan watanni huɗu na kewaya Mushtari a 1610, madubinsa girman wajen sau 20 yake bayarwa. Zoben da ke kewaye da Zuhalu yana fara fitowa daga sau 30 zuwa 50. Ramukan wata da tsaunukansa, sau 30 ya ishe ka ka kwana kana tasbihi.

Yanzu ga 'yan kasuwa, ku da ke sari a Lome ko Kotonu ko Akara, ko kuke aikawa a kawo daga Dubai da Sin. Kafin ka ɗauki kwali goma, buɗe ɗaya. Abu na farko, auna kaurin gindin maleƙin, wurin da ke shiga cikin madubi. Awon tela ya isa. In ka ga wajen milimita 24 da rabi, tsohon yayi ne, kuma ranar da mai saye ya so sauya maleƙi ba zai samu mai shiga ba sai da wahala. In ka ga wajen 32, wato inci ɗaya da kwata, shi ne wanda duniya ke amfani da shi yanzu, kowane kamfani yana yin irinsa. Akwai na inci biyu, amma wannan na manyan madubai ne, ba namu ba.

Abu na biyu, harafin da ke gaban lambar. H da SR tsofaffin ƙira ne masu gilashi biyu, filinsu ƙarami, bakinsu yana ba da launi ja da shuɗi, kuma su aka fi cika kwalayen araha da su. K ya fi su, gilashi uku ne. Wanda aka rubuta PL ko Plössl, gilashi huɗu ne, wani mutumin Otiriya ya ƙirƙiro shi wajen 1860, kuma har yau shi ne jakin wannan sana'a: ba tsada can, ba gardama, yana kai kaya inda aka ce. In da ni ne mai shago, da na sayar da madubi tare da Plössl na 25 da na 10, in cire sauran tarkacen, ko da kuɗin ya ɗan ɗaga. Araha ba ta ado. Wanda ya sayi abin da ya yi masa aiki zai turo maka ɗan'uwansa, wanda ya sayi lambar kwali kuwa zai dawo maka da kayan ne da ɓacin rai, a kasuwar da kowa ya san kowa.

Abu na uku ya shafi dattawa, kuma su ne galibin masu duban wata. Kowane maleƙi yana da tazarar da ido zai tsaya daga gilashi kafin ya ga filin duka. A irin su Plössl, ƙananan lambobi sai ka manna ido har gashin ido yana shafar gilashin. Baba mai tabarau ba zai ga komai ba sai ɗan ɗigo a tsakiya. Mai tabarau yana bukatar tazarar milimita 15 zuwa 20, kuma na 25 da na 32 suna bayar da ita. Ka ga nan ma ƙaramin girma ya sake cin nasara.

To amma bari in faɗa muku ra'ayina ƙarara. In don duban jinjiri ne, ko don kiwo, kada ka fara da dogon madubi mai ƙafa uku. Nemi mai ido biyu, wanda muke kira jumel. Yana shiga jaka, ba ya juya hoto, kuma filinsa ya ninka na dogon madubi. Lambobinsa biyu ne, misali 7x50 ko 10x50. Ta farko girma, ta biyu faɗin gilashin gaba. Gilashin milimita 50 yana tara hasken da ya kai kusan sau 50 na idon saurayi a cikin duhu. Mai 7x50 yana nuna filin da wata goma sha huɗu za su jeru, mai 10x50 wajen goma sha biyu. Wanne za ka zaɓa? Raba 50 da 7, ka samu 7. Raba 50 da 10, ka samu 5. Wannan shi ne kaurin hasken da ke fitowa ya shiga idonka. Baƙin idon yaro yana buɗewa har milimita 7 da dare, na dattijo da ƙyar ya wuce 5, kuma da magariba ma ido bai gama buɗewa ba. Don haka ga mai shekaru, 10x50 ya fi dacewa, ba a zubar da hasken a banza. Abin da ya haura 10 kuwa hannu ba ya riƙe shi tsaye. Ko 10 ɗin ma ka nemi abin dogarawa. Ku makiyaya kuna da shi a hannu: kafa sandarka a ƙasa, ɗora jumel a kanta, ka ga yadda rawar za ta ragu. In na rana kawai kake so, don hango shanun da suka yi nisa ko duba mashaya kafin ka kora garke, 8x40 ya fi sauƙin ratayawa.

A nan ma akwai 'yan lambar kwali. Za ka ga ɗan jumel da ke shiga tafin hannu an rubuta masa 60x60, ko wani mai ɗan hannu da ake turawa wai daga 10 zuwa 180. Ɗauko awon tela ka auna gilashin gaban, za ka sha mamaki. Masu gilashi ja jawur kamar garwashi ma ka yi hattara da su, kwalliya ce da ke rage haske, ta mai da komai shuɗi-shuɗi. Gwaji uku ka yi a bakin shago kafin ka ƙirga jikkunanka. Riƙe shi nesa da fuska, ka fuskanci haske, ka dubi maleƙan biyu: ɗigon hasken da ke ciki ya zama zagayayye sumul, ba mai kusurwa ba. Sannan ka dubi hasumiya ko ƙarfen waya mai nisa da ido biyu. In ka ga abu biyu, ko ka ji idonka na ja, ajiye shi, gilasan ciki sun goce, kuma ciwon kai zai ba ka. Na uku, leƙa ta gilashin gaba ka ga ko akwai wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki. Kayan da suka daɗe a ɗakin ajiya a bakin teku sukan yi fumfuna, kuma ba ta fita da shafa.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: maleƙin dama na jumel yana juyawa shi kaɗai. An yi shi ne don idanun mutum ba ƙarfinsu ɗaya ba. Rufe gilashin dama da tafin hannu, ka daidaita na hagu da ƙafar tsakiya har abu ya fito tas. Sannan rufe na hagu, ka juya maleƙin dama kaɗai har shi ma ya fito. Shi ke nan, ya zama naka. In mutum biyar za su yi karɓa-karɓa da shi a daren duban wata, kowa sai ya sake wannan, don jinjiri siriri ne kamar zare, in saitin ya kauce kaɗan sai ya narke cikin jan sama, kana kallonsa ba ka ganinsa.

Yanzu ga abin da nake so ko kun manta komai kada ku manta shi. Kada a ɗaga madubi ko jumel wajen yamma sai ƙwayar rana ta faɗi gaba ɗaya. Kun san yadda yara ke ƙona takarda da gilashi. To haka yake yi wa cikin ido, kuma wurin ba ya jin zafi, sai dai daga baya mutum ya ga baƙin tabo a tsakiyar ganinsa wanda ba likitan da zai cire. Kada ƙurar hunturu ta ruɗe ka don rana ta yi fari kamar faifai. A wasu kwalayen ma akwai ɗan baƙin gilashi da aka rubuta wa SUN, wai a ɗaura shi a maleƙi a dubi rana. Jefa shi a masai. Zafin da ke taruwa a wurin yakan fasa shi farat ɗaya, ido na kai. Waɗanda suka ga husufin ranar 29 ga Maris 2006, da ya ratsa Gana da Togo da Binin da Najeriya da Nijar, za su tuna yadda aka yi ta jan kunne a kan kallon rana da ido kawai. Da madubi abin ya ninka. Kuma kada a bar wa yara shi da rana tsaka.

To rana ta faɗi. Ina za ka duba? Ka riƙe wurin da ta nutse, da itace ko tsauni. Mu nan Wagadugu muna kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, daidai da Kano, kuma a irin ƙasashenmu jinjiri yakan tsaya kusan saman inda rana ta faɗi, ɗan hagu ko ɗan dama, a kwance kamar ƙwarya. Miƙa hannu ka dunƙule: faɗin dunƙulen wajen digiri 10 ne. Jinjirin daren farko yakan kasance dunƙule ɗaya, ko ƙasa da haka, ko sama kaɗan. Mai dunƙule ɗaya zai faɗi bayan rana da wajen minti 40, kuma lokacin da ya fi ganuwa wajen minti 15 zuwa 20 ne bayan faɗuwarta. Kun ga ya faɗo daidai kan sallar magariba, sai a tsara yadda za a yi tun kafin lokacin. Ka daidaita maleƙinka tun da wuri a kan abu mafi nisa, sannan ka riƙa sharar sama a hankali daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, kamar mai shara tsakar gida.

Akwai iyakar da ko madubi ba ya tsallakewa. In tazarar wata da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, hasken jinjirin bai isa a gan shi ba. Mafi ƙuruciyar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido zalla yana da wajen awa 15 da rabi da haihuwa. Da babban jumel, a Iran a 2002, an gan shi yana ɗan ƙasa da awa 12. Lokacin haihuwar wata kuwa yanzu yana cikin wayar hannu, manhajoji irin su Stellarium suna nuna shi. Sai dai a kula da agogo: Nijar da Najeriya suna gaban Burkina da Gana da Togo da awa ɗaya. Kuma rana tana faɗuwa a Wagadugu bayan Kano da wajen minti 40, wato jinjirin ya ɗan ƙara girma kafin ya iso mu. Kaɗan ne, amma a daren da abin ke kan gaɓa, kaɗan ɗin yana iya raba wanda ya gani da wanda bai gani ba, ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba.

Ga wani tarko da madubi ke kawowa wanda ido zalla bai san shi ba. Zara matar wata, tauraruwar nan mai haske ta yamma, in ka leƙa ta da girma sau 30 a wasu watanni, za ka gan ta lanƙwashe da ƙahoni biyu, sak jinjiri. Mutumin kirki zai iya rantsuwa ya ga wata, alhali Zara ya gani. Bambancin shi ne girma: ko lokacin da ta fi girma, faɗin wata ya ninka nata kusan sau 30. In abin da ka gani ɗan mitsitsi ne a tsakiyar fili, mai ƙyalli sosai, ba shi ba ne. Hayaƙin jirgin sama da hasken magariba ya taɓa shi ma yana ruɗin mutane. Jinjiri na gaskiya cikinsa mai haske yana fuskantar inda rana ta faɗi. Amma ka tuna dogon madubi yana juya hoto, wani ya kifar da shi, wani ya mai da dama hagu. In aka tambaye ka ina ƙahonin suka fuskanta, ka faɗi da me ka duba. In hannunka bai rawa, ka kara kyamarar waya a bakin maleƙin ka ɗauki hoto.

Ko ganin madubi yana tsayar da wata a shari'a, wannan na malamai ne, kuma sun yi maganganu a kai. A Saudiyya ana kafa madubai a Sudair da Tumair. Mutane da yawa abin da suke yi shi ne su nemo wurin da jumel, sannan su sauke shi su gwada da ido. Kai dai naka shaida ce. Ka kai ta ga limaminka ko mai unguwa, su kai gaba. A Burkina haɗaɗɗiyar ƙungiyar Musulmi ta FAIB ke sanarwa, a Nijar majalisar Musulunci ta ƙasa, a Najeriya fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Kada ka rigaye su a WhatsApp, don saƙo ɗaya na gaggawa yana iya sa unguwa guda ta sha ruwa da rana.

Wurin tsayawa kuwa, a nan ne makiyayi ya fi attajirin birni. Kai da ke ruga, inda ba fitila ba bene, kana da abin da ba a sayarwa a Rood Woko: yamma buɗaɗɗiya har ƙasa. Mu na gari sai mu nemi bakin baraj na Tangin mu dubi yamma ta kan ruwa, ko mu fita bayan gari. Kuma in wata ya yi nisa, juya jumel ɗinka ga Kaza da 'Ya'yanta. Ido yana ƙirga shida ko bakwai, jumel zai nuna maka gommai. A wannan ma ya fi dogon madubi, don shi kazar duka ba ta shiga filinsa in an ƙara girma. In ɗanka ya kamu da son abin, kada ka ce wasa ne. Jami'ar Joseph Ki-Zerbo ta nan Wagadugu tana da ɗakin duban taurari tun 2007, a 2010 masana taurari na duniya sun yi taro a garin nan, kuma Dokta Marie Korsaga, 'yar ƙasar nan, ta zama masaniyar taurari da ake ji da ita.

Sai maganar hanya, wadda kun fi ni saninta. A halin da yankinmu ke ciki, jumel a cikin jakar matafiyi abu ne da kan jawo tambaya a shingen jandarma ko na duwan. Riƙe rasit, bar shi a kwalinsa, kuma ka faɗa da bakinka kafin a buɗe jaka a gani. Ɗan kasuwa ya tambayi ma'aikatan duwan tun kafin ya saro da yawa. Kada ka ɗaga shi wajen bariki ko shinge ko filin jirgi, ko da wata can yake. A ruga, arɗo da mai gari su san kana da shi da abin da kake yi da shi, kuma daren duban wata ku fita a jama'a.

In an gama, mai da murfinsa. Ƙurar ƙasarmu yashi ce, in ka goge gilashi da bakin riga ko gefen rawani, ka kankare shafen da ke kansa, kuma ba ya dawowa. Fara kaɗe ƙurar da 'yar robar hura iska ko gashin tsuntsu mai laushi, sannan ƙyalle mai tsabta irin na tabarau, a hankali. Kada ka kwance maleƙi don wanke cikinsa, gilasan suna da jeri da fuska, in ɗaya ya juya shi ke nan. Kada a bar shi cikin mota a rana. Da damina kuma, in raɓa ta taɓa shi, bar shi ya sha iska a ɗaki ya bushe kafin ka rufe shi a jaka.